JIJIYOYIN KAFAƊA DA MAGANIN DAƊAƊƊEN CIWO DA LANTARKI



Maganar yau a kan ciwon kafaɗa ce, irin wanda ya daɗe ya ƙi tafiya, da kuma wata dabara da likitoci suka samo ta kwantar da shi da ɗan ƙarfin lantarki. Da wuya a sami unguwar da ba mai irin wannan ciwo. Ga manomin da fartanya ta gagare shi ɗagawa, ga uwargida wadda ta bar daka don ba ta iya kai taɓarya sama, ga kuma tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, in za a sa masa riga sai ya yi ƙara. Da dare ba mai iya kwanciya ta gefen ciwon a cikinsu. Ciwon da ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba, shi likitoci ke kira daɗaɗɗen ciwo, kuma maganinsa dabam ya ke da na sabon rauni.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Haka wannan dabara ta lantarki ta ke, gama ba ta yin amfani sai likita ya san jijiyar da ke ɗauke da ciwon, ya kuma san daidai inda ta bi a cikin jiki. Sabo da haka dole a fara da bayanin jijiyoyin kansu.

JIJIYA IRI UKU CE

Abu uku Bahaushe ke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu a cikinta. Akwai farar jijiya mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara a bayan diddige, wadda kowane mahauci ya sani. Ta ukun kuwa wani farin zare ne mai laushi wanda ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka ya bazu cikin jiki duka. Aikinta kai saƙo, kamar wayar tarho. Ita ke kai wa tsoka umurni ta motsa, ita ke komar wa ƙwaƙwalwa da labarin taɓi da sanyi da zafi. Duk inda aka ce jijiya a cikin jawabin nan, wannan ta ukun a ke nufi.

INDA JIJIYOYIN KAFAƊA SUKA TASO

Laka tana kwance a cikin ƙashin baya, jijiyoyi kuwa suna fita daga gare ta biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, har sau 31. Takwas na farko ta wuya su ke fita. Guda 5 ke mulkin hannu, wato ta 5 da ta 6 da ta 7 da ta 8 na wuya, da ta farko ta ƙirji. Da fitarsu sai su haɗu, su rabu, su sake haɗuwa kamar tufkar igiya, su ratsa tsakanin tsokokin wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, su sauka hammata. Daga tufkar nan hannu ke samun motsi da ji, tun daga kafaɗa har bakin yatsa. Rabon kafaɗa ya fi fitowa daga ta 5 da ta 6. Shi ya sa wanda ƙashin wuyansa ya matse ɗayansu ya kan ji ciwo a kafaɗa alhali kafaɗar lafiya lau ta ke. Shi ya sa kuma wanda ya faɗo daga babur, kansa ya yi gefe kafaɗa ta yi gefe, wani lokaci ya kan tashi ya kasa ɗaga hannu ko da ba karaya.

Gaɓar kafaɗa kuma abin lura ce. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne kamar ƙwallo, amma gurbin da ya zauna a ciki, a gefen allon kafaɗa, ba shi da zurfi, bai riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Don haka babu gaɓar da ta kai ta juyawa a jikin mutum, babu kuma babbar gaɓar da ta kai ta yawan gocewa. Abin da ke riƙe da ita wata jaka ce mai tauri, da tsokoki 4 da suka naɗe ta, sa'an nan babbar tsokar nan da ta lulluɓe kafaɗa ta ba ta siffarta. Jijiyoyi biyu ke da babban rabo wajen ɗaukar ciwon wannan gaɓa.

Ta farko ita ce jijiyar saman allo. Tun a gindin wuya ta ke rabuwa da tufkar, ta nufi baya. A saman allon kafaɗa akwai wani ɗan giɓi a ƙashi, wanda wata igiya mai tauri ta gitta bakinsa kamar gada. Jijiyar ta kan bi ta ƙarƙashin gadar, jijiyar jinin da ke rakiyarta kuwa galibi ta sama ta ke bi. Daga nan ta ba tsoka biyu na bayan allo umurni, ɗaya mai fara ɗaga hannu, ɗaya mai juya shi waje, ta kuma aika rassa zuwa sama da bayan jakar gaɓa. A lissafin da likitoci suka saba yi, kamar kashi 70 cikin 100 na jin da ke fitowa daga gaɓar ta wannan jijiya ya ke bi. Giɓin nan ƙunci gare shi, in wani abu ya matse jijiyar a wurin sai mutum ya riƙa jin ciwo mai nauyi can ciki, a kwana a tashi tsokar bayan allonsa ta rame har ƙashi ya fito.

Ta biyu ita ce jijiyar hammata. Daga hammata ta ke kutsawa baya ta wata 'yar kafa mai kusurwa 4 tsakanin tsokoki da ƙashi, ta kewaye wuyan ƙashin damtse kamar awarwaro. Ita ke motsa babbar tsokar kafaɗa, ita ke ɗaukar jin ƙasa da gaban jakar gaɓa, ita ce kuma ke da ɗan filin fatar nan na gefen damtse inda soja ke liƙa alamar rundunarsa. A babban mutum tana kwance kamar santimita 5 zuwa 7 a ƙasa da tsinin kafaɗa. Da ya ke manne ta ke da ƙashi, gocewar kafaɗa ko karayar wuyan damtse ta kan ja ta ta yi mata rauni. Don haka likita ke taɓa ɗan filin fatar nan kafin ya mai da gocacciyar kafaɗa, ya sake taɓawa bayan ya mayar, yana tambayar majiyyaci ko yana ji.

Ban da waɗannan akwai ƙananan rassa da ke zuwa gaban gaɓar daga jijiyar tsokar ƙirji da ta ƙarƙashin allo. Wani likitan fiɗa na Landan, John Hilton, shi ya tsara ƙa'idar wannan a littafinsa na 1863. Ya nuna cewa jijiyar da ke motsa tsokokin wata gaɓa, ita ce ke ɗaukar jin gaɓar da na fatar da ke kanta. Ƙa'idar nan ta sauƙaƙe aiki ƙwarai, gama likitan da ya san tsokar da ke motsa gaɓa ya san inda zai nemi hanyar ciwonta.

CIWON ARO

Kafin a yi zancen magani, akwai gargaɗi mai nauyi. Fatar saman kafaɗa tana samun jinta daga jijiya ta 3 da ta 4 na wuya. Tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda a ke numfashi da shi, jijiyarsa daga ta 3 da ta 4 da ta 5 ta taso. Tun da ƙofa ɗaya saƙon nasu ke shiga laka, ƙwaƙwalwa ta kan ruɗe, ciwo yana ciki ta ce a kafaɗa ya ke.

Ciwon matsarmama ko na hanta ya kan haura kafaɗar dama. Saifar da ta fashe bayan haɗari ta kan sa ciwo a tsinin kafaɗar hagu. Macen da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwon mara da jiri da ciwo a tsinin kafaɗa, mai yiwuwa ne ciki ya zauna a wajen mahaifa jini yana zuba a ciki. Wanda kuma ya ji nauyi a ƙirji da gumi, ciwo yana sauka kafaɗa da hannun hagu, a tuhumi zuciya. Alamar ciwon aro ita ce, sau da yawa motsa hannu ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Masu irin waɗannan alamu asibiti za a kai su nan take, ko da tsakar dare ne. Tausa da gashi da lantarki ba abin da za su yi musu sai ɓata lokaci.

YADDA LANTARKI KE KWANTAR DA CIWO

Masunta sun san minjirya, kifin nan da in an taɓa shi ya kan girgiza mutum hannu ya sage. A tekun Rum akwai wani kifi mai irin halinta. Wajen shekara ta 47 ta Miladiyya wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora shi a kan mai ciwon kai, ko mai ciwon gaɓar ƙafa ya taka shi, har wurin ya sage. Dabarar tsohuwa ce, amma dalilinta bai fito fili ba sai a 1965, sa'ad da masana biyu, Ronald Melzack mutumin Kanada da Patrick Wall mutumin Ingila, suka buga bayaninsu.

Ga yadda bayanin ya ke. Kowace jijiya dami ce ta zaruruwa dubbai, waɗansu masu kauri waɗansu sirara. Masu kauri ke ɗaukar labarin taɓi da shafa, saƙonsu yana gudun mita 35 zuwa 75 a daƙiƙa ɗaya. Mafi siranta ke ɗaukar raɗaɗi mai naci, saƙonsu ba ya wuce mita 2 a daƙiƙa. Dukansu a laka su ke haɗuwa, a wani wuri mai kama da ƙofar gari. In mahaya dawaki suka cika ƙofa, sai masu tafiya ƙasa su dakata. Haka nan in saƙon taɓi ya yi yawa, ƙofar ta kan tsuke wa saƙon ciwo, kaɗan ne ke isa ƙwaƙwalwa. Wanda ya bugi gwiwar hannu ya hau murza wurin, wannan ƙofa ya ke rufewa ko da bai sani ba.

Abin da ya ba likitoci sa'a shi ne, zaruruwa masu kauri sun fi sirara saurin amsa lantarki. In an sa kaɗan, su kaɗai ke farkawa, na ciwo suna kwance. A 1967 Wall da wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na birnin Boston, William Sweet, suka fara gwadawa a kan jijiyar da ke ƙarƙashin idonsu, sa'an nan suka gwada ga majiyyata 8, suka ga ciwo ya lafa muddin lantarki na aiki, ga waɗansu ma har bayan an kashe. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sha'anin ya fi ƙofa ɗaya yawa. Lantarki ya kan sa jiki ya fitar da nasa maganin kashe zafi. An kuma gane cewa ciwon da ya daɗe ya kan sa laka da ƙwaƙwalwa su zama masu saurin firgita, taɓi kaɗan su ɗauke shi ciwo, kuma masana suna ganin saƙo mai daɗi da ke zuwa kullum har makonni ya kan taimaka su natsu.

HANYA UKU NA YIN AIKIN

Hanya ta farko ta kan fata ce. A kan liƙa 'yan faci biyu ko huɗu a kewayen wurin ciwo, a haɗa su da ɗan akwati mai batir wanda likitoci ke kira TENS. Tun shekarun 1970 a ke aiki da shi, ana kuwa samunsa a sashen gashi na manyan asibitoci. Ba huda, ba yanka. Amma lantarkin ya kan bazu a fata bai kai can ciki sosai ba, sauƙin da ya ke kawowa kuma galibi na lokacin da ya ke aiki ne da ɗan abin da ya biyo baya. Waɗansu su kan ji daɗinsa, waɗansu ba sa jin bambanci.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yar waya mai siranta kamar zare, wadda a ke sakawa na ɗan lokaci. A nan sanin jijiya ke da muhimmanci. Likita ya kan ɗora na'urar sikanin, irin wadda a ke duba masu ciki da ita, ya nemi giɓin saman allo ko 'yar kafar da jijiyar hammata ta bi. Tun wajen 2008 aka fara saka waya da taimakon wannan na'ura, kafin nan kuwa yawanci sai an yanka an tono jijiyar. In ya ga wurin sai ya kashe zafin fata, ya zura wayar ta cikin allura, ya ajiye bakinta kusa da jijiyar ba tare da ya soke ta ba. Ɗaya bakin yana waje, haɗe da ɗan akwatin da a ke liƙawa a fata. Sa'an nan ya kunna ya tambayi majiyyaci inda ya ke ji. Abin da a ke so shi ne ya ji kamar tafiyar kiyashi, ko tsoka tana ɗan motsi a hankali, daidai wurin da ciwon ya ke. In a wani wuri dabam ya ji, sai a gyara zaman wayar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da irin wannan waya a 2016 don aikin kwana 30, a 2018 ta ƙara zuwa kwana 60. In wa'adi ya cika sai a zare ta.

Masu shanyewar ɓarin jiki na cikin waɗanda aka fi gwada wannan hanya a kansu, gama in tsokoki suka saki, nauyin hannu ya kan ja gaɓar ƙasa, ciwo ya kama. A wani gwaji da likitocin birnin Cleveland na Amurka suka buga a 2014, an raba majiyyata 25 kashi biyu. Kashi ɗaya aka sa musu waya a babbar tsokar kafaɗa, kusa da rassan jijiyar hammata, tana aiki awa 6 kowace rana har mako 3. Ɗaya kashin aka yi musu gashi da motsa gaɓa kamar yadda aka saba. Ciwon masu waya ya fi raguwa, sauƙin kuma ya daɗe aƙalla mako 12 bayan an gama. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna amfanin na iya daɗewa bayan an cire wayar.

Hanya ta uku ita ce a binne wayar ƙarƙashin fata ta zauna dindindin. A kan yi haka ga wanda ciwonsa ke komowa da zarar an daina. Kafin a kai nan likitoci da yawa su kan yi gwaji da allurar kashe zafi a kan jijiyar da su ke tuhuma. Allurar jijiyar saman allo tun 1941 likitoci biyu na birnin New York, Wertheim da Rovenstine, suka bayyana yadda a ke yinta. In ciwo ya ɗauke na 'yan awoyi bayan allurar, alama ce an sami hanyar da ya ke bi.

IYAKAR WANNAN MAGANI

Lantarki ba ya ɗinke tsokar da ta yage, ba ya ɗora ƙashi, ba ya kashe ƙwayar cuta a gaɓar da ta yi ruwa, ba ya warkar da ciwon daji. Amfaninsa shi ne ya rage ciwo har mutum ya sami barci, ya iya motsa gaɓar, ya rage shan ƙwayoyi. Motsa gaɓar nan kuwa shi ke mai da ƙarfin hannu. Wayar tana da nata haɗari: bakin huda na iya ruɓa, fata ta yi ƙaiƙayi, wayar ta goce ko ta tsinke. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mace mai ciki, da mai farfaɗiya, da mai shan maganin tsinka jini, dole su gaya wa likita tun da fari. Ba a liƙa faci a gaban wuya, ko a kan gyambo, ko inda fata ba ta ji. Aikin waya kuma tsada gare shi, har yanzu a manyan asibitocin Amurka da Turai aka fi yinsa, kuma ba a kai gare shi sai gashi da motsa gaɓa da magani da allura sun kasa.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU RIƘE

Ko mutum bai taɓa ganin wayar nan ba, sanin inda jijiyoyin suka bi zai tsare masa hannunsa.

1. Ciwon kafaɗar da ya yi makonni bai sauka ba, a kai shi asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, don haka majiyyaci ya nuna wurin da yatsa, ya faɗi motsin da ke tada ciwon, da ko hannu na sagewa ko rauni.

2. Kada a yi sakiya ko tsaga a kafaɗa, kada kuma a bar wanda bai koyi aikin ba ya yi allura a wurin. Jijiyar hammata ba ta da nisa da fata, in ta lalace tsoka ta kan shanye, warkewarta kuwa watanni ce, wani lokaci ma ba ta komowa.

3. Kafaɗar da ta goce, kada a taru a ja ta da ƙarfi. A rataye hannun da ƙyalle a tafi asibiti.

4. Mai shanyewar ɓarin jiki, kada a tashe shi ta hanyar jan shanyayyen hannun ko a ɗaga shi ta hammata. A tallafe hannun da matashi in yana zaune ko kwance. Wajen sa riga a fara da shanyayyen hannu, wajen tuɓewa a ƙare da shi.

5. Mai ciwon sukari ya lura, gama kafaɗarsa ta fi ta sauran mutane saurin ƙagewa, ƙagewar kuwa ta kan ɗauki shekara 1 zuwa 3 kafin ta saki. In ya ga hannu ya fara ƙin kaiwa baya, ya nemi likita da wuri.

6. Kada a mai da ƙwayoyin kashe zafi abincin kullum. Irin su diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha su kan ci ciki su ɓata ƙoda, tramadol kuwa kama mutum ya ke yi har ya kasa bari.

7. Lantarkin magani ɗan kaɗan ne ƙwarai, daga ƙaramin batir, a gwargwadon da likita ya auna. Wutar gida da batirin mota ba su da wani haɗi da wannan aiki, wanda ya gwada wutar gida a jikinsa yana iya mutuwa nan take. Na'urar da a ke talla a kasuwa kuma, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a ɗora ta a jiki.

Wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga na gida, musamman masu jinyar tsofaffi. Iyakar jawabin ke nan. A huta lafiya.